DARASIN WANNAN WATA: Tsohuwar Taswira Da Labarin Kogin Haɗeja

Darasinmu na wannan wata a kan taswira yake, musamman tsohuwar taswirar ƙasarmu ta bakin kogi.

Abin da ya kawo wannan darasi wata tambaya ce. A wani ajin manya da muka ziyarta, malami ya baje tsohuwar taswira a kan tabarma. Wani dattijo ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya sa yatsa a kan wani siririn layi shuɗi ya ce, "Malam, wannan ai gulbin da muke su ne muna yara. Yau in ka je wurin, gero za ka tarar. To wa ya yi kuskure, takarda ko ƙasa?" Malamin ya ce, "Baba, babu wanda ya yi kuskure. Takarda ta faɗi abin da ta gani a zamaninta, ƙasa ce ta sauya." Wannan amsa ita za mu yi wa bayani dalla-dalla.

1. MECE CE TASWIRA?

Taswira zane ne na ƙasa a kan takarda, kamar yadda mutum zai gan ta in yana sama yana kallon ƙasa. Ka tuna yadda shaho yake hangen gari. Yana ganin rufin gidaje, da hanyoyi, da gonaki, da kogi, duk a lokaci guda. Haka taswira take.

Taswira iri-iri ce. Akwai ta duniya, akwai ta Nijeriya mai nuna jihohi, akwai ta fili ko gona wadda safiyo yake zanawa. Wadda za mu yi magana a kanta ita ce taswirar tudu da kwari. Ita ce mai nuna siffar ƙasa kanta: inda dutse yake, inda jigawa take, inda fadama take, inda daji yake, da hanyar da ruwa yake bi.

2. KAFIN ZUWAN TURAWA

Kada wani ya zaci da Turawa aka fara sanin taswira. A shekarar 1154 wani malami Musulmi mai suna Al-Idrisi ya kammala taswirar duniya a tsibirin Sisili. Shi a tasa taswirar, kudu ce a sama, arewa a ƙasa.

A nan ƙasar Hausa ma, a shekarar 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba wani Bature matafiyi mai suna Kilafaton taswirar ƙasashe da koguna a Sakkwato. An buga ta a birnin Landan a 1826. Shi wannan Bature daga Barno ya fito, ya biyo ta Katagum ya shiga Kano a farkon wannan shekara ta 1824. Bayansa wani Bajamushe, Dakta Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta Gumel zuwa Kukawa a 1851, yana rubuta sunayen garuruwa da nisan da ke tsakaninsu.

Taswirorin wancan zamani da tambaya da ƙidayar zango aka yi su. Fatake su ce daga gari kaza zuwa gari kaza kwana biyu ne, sai a rubuta. Saboda haka suna da kurakurai, amma sun adana mana sunayen garuruwa da hanyoyin fatauci na da.

3. YADDA AKA YI TASWIRORIN ZAMANIN TURAWA

Turawan Ingila sun ci Haɗeja da yaƙi a watan Afrilu na 1906, ranar da Sarki Muhammadu Mai Shahada ya rasu a fagen fama tare da jama'a masu yawa. Bayan haka suka shiga auna ƙasa. Dalilinsu shi ne haraji, da iyakoki, da hanyoyi. Tsakanin 1906 da 1908 ma'auna na Ingila da na Faransa suka bi iyakar Nijeriya da Nijar suna kafa alamu, har zuwa Tafkin Chadi. Wani sashe na kogin Komadugu Yobe, wanda ruwan Haɗeja yake zuba a cikinsa, ya zama iyakar ƙasashen biyu.

Da farko da ƙafa da doki ake awo. Safiyo ya ɗauki sarƙar awo da kamfas da madubin hangen nesa, ya hau tudu, ya kafa turken siminti, ya auna zuwa wani tudun. Aikin yana cin shekaru.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1946, Ingila ta kafa wata hukuma ta auna ƙasashen da take mulka. Daga nan aka koma ɗaukar hoton ƙasa daga jirgin sama. Jirgi ya bi layi yana ɗaukar hoto bayan hoto, kowane hoto yana hawa gefen ɗan'uwansa. A ofis sai a haɗa su a zana taswira, a turo ma'aikata su zagaya ƙauyuka su tambayi sunaye. Yawancin taswirorin tudu da kwari na Nijeriya daga hotunan shekarun 1950 da 1960 aka zana su, da haɗin gwiwar ofishin safiyo na Tarayya da na Jihar Arewa.

Ku riƙe wannan da kyau: an ɗauki waɗannan hotuna kafin a gina manyan madatsun ruwa. Ke nan tsohuwar taswira tana nuna mana Kogin Haɗeja yadda yake tun kafin a tare shi.

4. ABUBUWA BIYAR DA ZA KA FARA DUBAWA

In an miƙo maka taswira, kada ka tsorata da yawan layuka. Bi waɗannan matakai.

Na ɗaya, suna da shekara. A sama akwai sunan babban garin da ke cikin takardar. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, akwai shekarar da aka ɗauki hoto da shekarar da aka buga. Shekarar ɗaukar hoto ita ce ta fi muhimmanci, domin ita ce ainihin ranar da taswira ta ga ƙasa.

Na biyu, gabas da yamma. A taswirar zamani arewa ce a sama, kudu a ƙasa, gabas a hannun dama, yamma a hannun hagu. Ka shimfiɗa takardar a ƙasa, ka juya ta har gefen dama ya fuskanci mafitar rana. Daga nan komai zai zauna daidai da yadda yake a fili.

Na uku, ma'auni. Ba za a iya zana ƙasa da girmanta ba, sai an rage ta. In ka ga an rubuta 1:50,000, ma'anarsa santimita 1 a takarda daidai yake da santimita 50,000 a ƙasa, wato rabin kilomita. Ke nan santimita 2 kilomita 1 ne. In kuwa an rubuta 1:100,000, santimita 1 kilomita 1 ne. Misali: a taswira mai 1:50,000 ka auna daga ƙauyenku zuwa kasuwa ka sami santimita 12. Raba 12 gida 2, ka sami kilomita 6. In hanyar mai lanƙwasa ce kamar kogi, ka bi ta da zare, sa'an nan ka miƙe zaren a kan rula.

Na huɗu, launi. Shuɗi na ruwa ne: kogi, tafki, rijiya. Kore na daji ne da itatuwa. Baƙi na gari ne da hanyar jirgin ƙasa da sunaye. Ja yawanci na babbar hanyar mota ne. Ruwan ƙasa na layukan tsayi ne. In layin shuɗi a tsittsinke yake, wannan gulbi ne mai ƙafewa da rani. In ka ga 'yan alamu kamar tsiron ciyawa da gajerun layuka a ƙarƙashinsu, wannan fadama ce da ruwa yake kwanciya.

Na biyar, mabuɗi. A gefen takarda ko a ƙasanta akwai jerin alamu da ma'anarsu. Shi ake kira mabuɗin taswira. Duk alamar da ta shige maka duhu, koma can.

5. LAYUKAN TSAYI

Wannan shi ne sashen da ya fi ba sababbin ɗalibai wuya, amma da misali zai zo da sauƙi.

Ka kife ƙwarya a cikin babban daro. Ka zuba ruwa kaɗan, ka zana da gawayi inda ruwan ya tsaya a jikin ƙwaryar. Ka ƙara ruwa, ka sake zanawa. Ka yi haka sau huɗu. Yanzu ka leƙo daga sama. Za ka ga zobe cikin zobe. Kowane zobe yana nuna wuraren da tsayinsu ɗaya. Haka layukan tsayi suke a taswira. Tsayin kuwa daga bakin teku ake fara ƙidaya shi.

In layuka sun matsu da juna, wurin gangare ne mai tsanani. In sun yi nisa da juna, ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce. A tsofaffin taswirori da ƙafa ake rubuta tsayi, ba da mita ba. Ƙafa 1 kimanin santimita 30 ce. Sau da yawa tsakanin layi da layi ƙafa 50 ne, wato kimanin mita 15.

Ɗauki taswirar Riruwai da dajin Falgore, can kudancin Jihar Kano, inda Kogin Kano yake saukowa. Za ka ga layukan tsayi sun cushe wuri guda, saboda ƙasar duwatsu ce da daji. Ruwan sama in ya zuba a can, da gudu yake gangarowa. Sa'an nan ka ɗauki taswirar Haɗeja. Za ka yi ta neman layi ɗaya da ƙyar.

Ga dalili. Garin Haɗeja yana kan tsayin kimanin mita 350. Tafkin Chadi yana kan kimanin mita 280. Bambancin mita 70 ne kawai, alhali tafiyar ta fi kilomita 350. In ka raba, a kowace kilomita ƙasa ba ta sauka fiye da taƙi ɗaya ba. Ruwan da ya taso da gudu daga duwatsu, in ya iso nan sai ya rasa gangare. Sai ya rage sauri, ya ajiye yashi da laka, ya bazu hagu da dama. Abin da ya haifi fadamarmu ke nan, shi ne kuma yake kawo ambaliya.

6. HANYAR KOGI A KAN TAKARDA

Bari mu bi kogin da yatsa. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil. Daga nan ruwan ya bi ta ƙasar Ringim ya nufo Haɗeja. Kafin ya iso, wani reshe ya rabu ya zama Kogin Kafin Hausa. Bayan ya wuce Haɗeja sai ya sake rarrabuwa: akwai tsohon Kogin Haɗeja, akwai Burum Gana, akwai Marma wadda take kai ruwa Tafkin Nguru. Daga kudu kuma Kogin Jama'are yana tahowa daga tsaunukan Jos, ya ratsa ƙasar Katagum. Wajen Gashuwa ruwan ya haɗu ya zama Komadugu Yobe, ya tafi Tafkin Chadi.

In ka lura da taswira, za ka ga rassan kogin sun jeru suna fuskantar arewa maso gabas. Tsakaninsu akwai dogayen jigayi. Waɗannan tsofaffin tudun rairayi ne da iska ta tara tun zamanin da ƙasar nan take busasshiya ƙwarai, dubban shekaru da suka wuce. Ruwa yana bin kwarin da ke tsakaninsu. Kakanninmu sun gane haka ba tare da takarda ba. Shi ya sa suka kafa garuruwa a kan jigawa, suka yi gero da wake a tudu, suka bar fadama ga shinkafa da su da kiwon rani.

7. ABIN DA BABU A TSOHUWAR TASWIRA

Kada ka nemi Jihar Jigawa a cikinta. A lokacin Haɗeja tana cikin Lardin Kano. An yi Jihar Kano a 1967, aka yi Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991. Sunayen ma wani lokaci da rubutun Turawa suke, sun saɓa wa yadda muke faɗa. Za ka ga hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Nguru, wadda ta bi ta Malam Madori da Birniwa, domin ta isa Nguru tun 1930. Amma hanyoyin kwalta da yawa na yau babu su.

Babban abin da babu shi ne madatsun ruwa. An kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974. An kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976. An kammala madatsar Challawa a 1992. An kuma tare kogin a ƙasar Auyo don noman rani na Kwarin Haɗeja.

Madatsun nan sun kawo amfani. Birnin Kano yana shan ruwansu, dubban manoma suna noman rani da su: shinkafa, alkama, tumatir, tattasai, albasa. Amma sun sauya halin kogi. A da, kogi yana cika da ƙarfi da damina, ya share yashin da ke hanyarsa. Da rani kuma ya ƙafe, rana ta ƙone ciyawar da ke cikinsa. Bayan madatsu, ƙarfin cikar damina ya ragu, kuma ana sakin ruwa har da rani. Sai yashi ya zauna, ƙasa ta daina bushewa, ciyawar kacalla ta sami wurin zama.

Kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Ruwa kuwa in an toshe masa hanya sai ya nemi wata. Mafi yawansa ya karkata ta Marma, ya kwanta a kan gonaki a yankin Guri da Nguru shekara da shekaru. Tsohon Kogin Haɗeja da Burum Gana kuma suka rasa rabonsu. Wasu suna kuka da yawan ruwa, maƙwabtansu suna kuka da rashinsa. A cikin kacallar kuma tsuntsayen jan-baki suke kwana, su fito da safe su far wa shinkafa da gero.

Ga kuma fari. An yi babban fari a farkon shekarun 1970, aka sake yi a 1983 da 1984. Masana sun auna cewa kafin madatsu da fari, ruwa yakan rufe fili mai faɗin murabba'in kilomita 2,000 ko fiye a shekara mai kyau. A 1984 abin da ya rufe bai kai kashi ɗaya cikin biyar na haka ba.

A shekarun fari mutane da yawa suka ga kwari ya bushe, suka gina gidaje a ciki. Hausawa suna cewa ruwa ba ya manta hanyarsa. Da aka yi ambaliya a 2020 da 2022, garuruwa da yawa a masarautar Haɗeja da ta Ringim sun sha wahala, gidaje suka rushe, gonaki suka nutse. Tsohuwar taswira tana nuna wuraren da ruwa ya saba kwanciya tun kafin a haifi yawancinmu.

8. DAJI DA TSUNTSAYE DA BAƘI MASU YAWON BUƊE IDO

Launin kore a tsohuwar taswira yana da nasa labari. A wurare da yawa an shata gandun daji, an rubuta sunansa. A irin wuraren nan ake samun goruba, gabaruwa, giyayya, kanya da tsamiya. In ka kwatanta da yau, za ka tarar wasu sun zama gonaki, wasu sun tafi a itacen girki da gawayi.

Dajin Baturiya da ke Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma yana cikin waɗanda aka keɓe. Shi da Dagona ta Jihar Yobe da Tafkin Nguru matattarar tsuntsaye ce. Ban da namu na gida irin su dinya, kirinjijiya, zalɓe da balbela, akwai waɗanda suke tasowa daga Turai in sanyi ya yi tsanani can. Su ratsa teku da hamada su sauka a fadamarmu, su koma kafin damina. Saboda su ne baƙi daga ƙasashen waje suke zuwa kallo.

A 1987 aka fara wani shiri na kare fadamun Haɗeja da Nguru. A 1991 Dagona ta shiga cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi. A shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru da Marma cikin jerin fadamu masu muhimmanci na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya shiga wannan jeri. Baturiya ta shiga a 2008. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a mai da wasu dazuzzuka 10 gandun daji na ƙasa, har da Baturiya.

Wannan ya shafi talaka kai tsaye. Inda aka ja iyakar gandu, nan ne aka hana sara da farauta da sabuwar gona. Mai kiwo, da mai yankan kaba, da mai su, kowa yana bukatar ya san inda layin ya bi. Wanda ya iya karanta taswira zai iya zama a taro ya ce a nuna masa layin, ya kuma nuna inda mashayar dabbobinsu take tun da.

9. AMFANIN TSOHUWAR TASWIRA GARE MU

Na farko, wajen gini. Kafin a yanka filin makaranta, ko asibiti, ko sabuwar unguwa, a duba ko wurin yana cikin alamar fadama.

Na biyu, wajen aikin gayya. In jama'a za su yashe hanyar ruwa ko su yanke kacalla, taswira za ta nuna inda ainihin gulbin ya bi, don kada a yi wahalar banza, kada kuma a tura wa ƙauyen gaba ruwa.

Na uku, wajen sulhu. Rikicin manoma da makiyaya sau da yawa a kan burtali da mashaya yake. Tsofaffin hanyoyi da tafkuna da suka fito a taswira suna taimaka wa dagaci da hakimi da arɗo su gane yadda wurin yake a da.

Na huɗu, wajen kai kuka. Takardar koke da aka haɗa da zane mai nuna inda ruwa ya toshe ta fi saurin fahimta a ofis.

Na biyar, wajen tarihi. Akwai ƙauyukan da suka tashi, sai kufai. Sunayensu suna nan a takarda, jikoki su gani.

10. GARGAƊI

Taswirar tudu da kwari ba takardar mallakar gona ba ce. Ba ta nuna gonar wane da wane. Maganar mallaka tana ga shaidu da masu unguwa da dagatai da kotu, da takardun da hukuma take bayarwa ƙarƙashin dokar filaye ta 1978. Kada wani ya zo da tsohuwar taswira ya ce ta ba shi gonarka.

Haka kuma ba ta nuna ƙaramin tudu. Mun ce tsakanin layi da layi mita 15 ne, alhali a ƙasarmu bambancin kamu biyu ya isa ya raba gidan da ya tsira da wanda ruwa ya ci. A nan ilmin dattawa ya fi na takarda. Sai a haɗa biyun.

Sa'an nan hoton jirgi na rana ɗaya ne, kuma yawanci da rani ake ɗauka, lokacin da babu gajimare. Iyakar ruwan da ka gani a takarda ba ita ce iyakarsa ta watan Satumba ba.

In ka ga turken siminti na safiyo a gona ko a kan tudu, kada ka tone shi. Babu dukiya a ƙarƙashinsa. Da shi ake ɗaura sabon awo a kan tsoho.

11. INA AKE SAMUNTA?

Ana tambaya a ofishin filaye da safiyo na jiha a Dutse, ko Ofishin Babban Safiyo na Tarayya a Abuja. Tsofaffin takardun Jihar Arewa suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna. Malaman labarin ƙasa na makarantun sakandare da jami'o'i su ma da irin waɗannan taswirori suke koyarwa. Malamin aji zai iya neman kwafi ɗaya don ɗalibansa.

Yau kuma akwai hoton tauraron ɗan'adam. Nijeriya ta harba nata na farko a 2003. Duk mai babbar waya zai iya buɗe Google Maps ya ga rufin gidansu daga sama. Ku sa yaranku su buɗe muku, ku ajiye tsohuwar taswira a gefe, ku kwatanta. A hoton ma za ku ga tsofaffin hanyoyin ruwa kamar sawun maciji a cikin gonaki.

AIKIN AJI

Kowane aji ya zana taswirar ƙauyensa. Ku fara a ƙasa da tsinke. Ku sa masallacin Juma'a ko ƙofar gidan dagaci a tsakiya. Ku nuna gabas. Ku sa dutse a matsayin rijiya, toka a matsayin hanya, ganye a matsayin daji.

Ku gayyato dattawa biyu ko uku su nuna inda gulbi yake bi a ƙuruciyarsu. Ku tambayi iyaye mata inda suke samo itace da ruwa a da, da inda suke samowa yanzu. Ku tambayi masunta da Fulani. Ku shata inda ruwa ya kai a ambaliyar 2022.

In kowa ya yarda da zanen, ku kwafe shi a babbar takarda. Ku rubuta sunan gari, da kwanan wata, da mabuɗi. Kwafi ɗaya ya zauna a aji, ɗaya a kai wa dagaci. Nan da shekara 30 ita ma za ta zama tsohuwar taswira, jikokinku su amfana da ita.

SABABBIN KALMOMI

Taswira: zanen ƙasa a kan takarda.
Safiyo: ma'aikaci mai auna ƙasa.
Ma'auni: lissafin da ke nuna yadda aka rage girman ƙasa.
Mabuɗi: jerin alamu da ma'anarsu.
Layin tsayi: layin da ya haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya.

TAMBAYOYI

1. Wane gefe ne arewa a taswirar zamani?
2. A taswira mai 1:50,000, ka auna santimita 8. Kilomita nawa ke nan?
3. Me ake nufi in layukan tsayi sun matsu da juna?
4. A wace shekara aka kammala madatsar Tiga?
5. Kawo dalili biyu da suka sa kacalla ta yawaita.
6. Me ya sa tsohuwar taswira ba za ta zama shaidar mallakar gona ba?

Ku rubuta amsoshinku da hannunku ku ba malamin ajinku. Ajin da ya gama taswirar ƙauyensa ya aiko mana da kwafi ta hannun jami'in yaƙi da jahilci na ƙaramar hukumarsa, za mu zaɓi wasu mu buga a wannan shafi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga ambaliya da fari. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.